Kano A Idon Masu Ɗaukar Hoto: Abin Da Waya Ke Nuna Mana Da Abin Da Ta Bari A Baya

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A da, wanda bai taɓa shiga birnin Kano ba, labarinsa yake ji a bakin fatake da 'yan ci-rani da almajiran da suka dawo gida noma da faɗuwar damina. Su ne za su kwatanta masa tsayin badala da cunkoson Kurmi da yadda ƙasa ke girgiza ranar Hawan Daushe. Yau kuwa labarin ya koma cikin aljihu. Matashi yana zaune a gindin darbejiya a Tsanyawa ko 'Yankamaye, da 'yar datarsa zai hau Dala, ya gangaro marinar Ƙofar Mata, ya ratsa Kantin Kwari, ya ga hasken fitilun gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da daddare, bai biya kuɗin mota ko sisi ba.

Waɗanda suka buɗe mana wannan ƙofa su ne matasan nan masu ɗaukar hoto da ke baje kolin aikinsu a Facebook da Instagram da X da TikTok. Na daɗe ina bibiyar ayyukansu, kuma a wannan mako ina so in yi magana a kan abu uku: irin alherin da suka yi wa Kano, da wuraren da kyamararsu ba ta waiwaya ba, da kuma haɗarin da ke tattare da barin wannan dukiya a hannun kamfanonin da ba mu da iko da su. Magana ce da ta shafi mutumin birni, amma ta fi shafar mu mutanen karkara, domin wanda bai nuna fuskarsa da kansa ba, wani zai zana masa ita yadda ya ga dama.

Yabon gwani ya zama dole

Kafin a gane girman abin da ke faruwa, sai an tuna a hannun wa kyamara take a da. Zanen Kano mafi shahara na ƙarni na 19 ya fito ne daga littafin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya shigo birnin a shekarar 1851 ya hango shi daga kan Dala. Bayan da sojojin Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, hotunan da aka riƙa ɗauka na jami'an mulkin mallaka ne da 'yan mishan da 'yan kasuwar Turai. Su ke zaɓar abin da za a ɗauka, su ke rubuta bayani a ƙasa, kuma a ma'adanan Ingila da Jamus aka ajiye akasarinsu. Bahaushe a cikin waɗannan hotuna abin kallo ne, sau da yawa ma ba a damu da rubuta sunansa ba.

Daga baya aka sami masu shagon hoto a Sabon Gari da Fagge da cikin birni, inda ake zuwa ranar Sallah ko bayan ɗaurin aure a tsaya a gaban labule mai zanen fure. Wannan ya adana mana fuskokin iyayenmu da irin ɗinkin zamaninsu, amma bai adana titi da kasuwa da lungu ba. Fim yana da tsada, ba a ɓata shi a kan mai tallan goro.

Wayar hannu ce ta karya wannan shinge. Yau ɗan Yakasai ne ke ɗaukar Yakasai, 'yar Gwammaja ce ke ɗaukar Gwammaja. Bambancin kuwa a bayyane yake ga duk mai lura. Baƙo yana ɗaukar marina ne ya tsaya a kan shuɗin baba da ramukan karofi, amma ɗan gari ya san cewa bayan rini akwai masu bugu a ɗakinsu, waɗanda ke jera duka a kan gungume har yadi ya yi ƙyalli, sai ya bi su can. Ya san da wane lokaci hasken hantsi ke sauka a kan zankwayen Gidan Makama. Ya san cewa Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, layi-layi ce: ga masu kayan doki, ga dukawa, ga masu turare, ga masu littattafan addini. Ya san ranar Takutaha jama'a na hawa Dala, kuma ya san ta inda zai tsaya ya samu taron da birnin a hoto guda.

Ta hanyar hotunansu na ga Kano da ban taɓa gani da idona ba, duk da yawan shigata birnin. Na ga cikin soraye masu daurin guga da azara, waɗanda mai wucewa a titi ba zai san da su ba. Na ga majema da maƙera da masu ɗinkin hula zaune a zaure. Na ga birnin daga sama, ta na'urar nan mai tashi da kyamara, inda ake gane yadda tsofaffin unguwanni suka cure wuri guda kamar saƙar zuma, sababbin kuma suka miƙe a kan layi. Wannan ilimi ne, kuma kyauta suke ba da shi. Ɗan Kano da ke karatu a Masar ko Malesiya, da Bahaushiyar Kumasi da kakanta ya fito daga Dala, duk suna samun rabonsu.

Birni mai sauya kama

Wataƙila da yawa daga cikin matasan nan ba su ɗauki kansu marubuta tarihi ba, amma aikin da suke yi ke nan, domin Kano birni ne da ke sauya kama cikin gaggawa.

A duba badala. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, aka fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Tun shekarar 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihi na duniya. Amma duk wanda ya zagaya ta a yau ya san abin da ya rage: wani wuri ruwan sama ya zaizaye, wani wuri an ɗebi ƙasar an yi gini, wani wuri kuma shaguna da gidaje ne a kanta. A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Yaron da aka haifa bayan nan, in ba a hoto ba, ina zai ga ƙofar da kakanninsa suka bi?

Ba tsofaffin gine-gine kaɗai ke tafiya ba. Hasumiyar da aka gina a shataletalen gidan gwamnati a 2017, domin cikar jihar shekara 50, an rushe ta a watan Yunin 2023. Ba na cikin masu jayayya a kan dacewar ginin ko rushewar a wannan shafi. Abin da nake nunawa shi ne, abin da ya tsaya shekara shida a tsakiyar birni yanzu a hoto kawai yake. Haka gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022: abin da zai gaya wa na baya yadda wuraren suke kafin masifar da bayanta, shi ne abin da wani ya ɗauka da wayarsa.

Hatta hawan Sallah, da muke ganin kamar ba zai taɓa yankewa ba, ya yanke. Annobar korona ta hana shi a 2020, rikicin masarauta kuma ya sa jami'an tsaro suka dakatar da shi a wasu bukukuwan Sallah tun daga 2024. Abin mamaki, a watan Disambar wannan shekara ta 2024 ne UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A ranakun da dawaki ba su fito ba, tsofaffin hotunan 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai ne jama'a suka yi ta yaɗawa suna rage zafi. A nan ne na ƙara tabbatar da cewa mai kyamara ma'aji ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Inda kyamara ba ta waiwaya

Sai dai kuma, idan mai karatu ya zauna ya bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, zai lura da wani abu. Wuraren ba su da yawa: Dala, Ƙofar Mata, Gidan Makama, Ƙofar Kudu, babban masallacin Juma'a, gadojin sama, sai dawaki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kamar dai Kano tumbin giwa ta ƙanƙance ta koma wurare bakwai.

Laifin ba na masu hoton ba ne su kaɗai. Manhajojin nan an gina su ne a kan abin da ya fi jan ido cikin daƙiƙa guda. Hoton da jama'a suka fi dangwala wa alamar so, shi manhaja ke ƙara turawa gaba, mai hoto kuma ya ga abin da ke karɓuwa sai ya ƙara yin irinsa. Doki mai ado da rawani mai kunne biyu za su tara dubban masoya. Mai gyaran fanka a Kurna ba zai tara ba. Ga kuma batun abinci: mai hoto da biki da taron siyasa yake ci, hoton titi kuwa don sha'awa yake yi, da kuɗin aljihunsa. Ba za a zarge shi ba idan ya nufi inda ya san za a yaba.

Amma sakamakon shi ne akwai Kano guda da ba ta fitowa. Mu da muke shiga birni ta hanyar Katsina, ba Dala ce ke fara tarbarmu ba. Daga Tsanyawa sai Bichi, daga nan sai Dawanau, kasuwar hatsin da ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, inda 'yan dako ke sauke buhunan gero da wake da riɗi daga safe har dare. Daga nan sai Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, unguwannin da suka cika maƙil da mutanen da asalinsu daga ƙauyukanmu suke: masu tura ruwa a kura, masu Adaidaita Sahu, masu faci, masu sayar da rake da yalo, malaman makarantun allo. Wannan ita ce Kanon da miliyoyin mutane ke kwana su tashi a cikinta. A shafukan hoto kuwa sai an tona kafin a same ta.

Idan gefen birni bai samu shiga ba, ina ga karkara? Alhali Kano ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ita kaɗai ba. Masana irin su Michael Mortimore, da suka yi nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin tun a shekarun 1960, sun yi mamakin yadda jama'a masu yawa haka ke noma gona guda shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Sirrin kuwa manomanmu sun san shi: taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, da barin gawo da kuka da ɗorawa a tsaye, da kiwon 'yan awaki da tumaki a gida. A ƙauyukan da ke dab da birni, jakuna kan shiga da itace su fito da taki a mangala. Birni da ƙauye cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi tun fil azal. Ko hawan Sallar da ake alfahari da shi, ai hakimai ne ke shigowa daga gundumominsu da dagatai da mahaya da makaɗa; a cire mutanen karkara a ga abin da zai rage a Ƙofar Kudu.

Akwai darasi babba a hotunan dalar gyaɗa. Babu ɗan Kano da bai taɓa ganinsu ba: buhuna jere har sama, ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Kowa ya san sunan Alhasan Ɗantata da kamfanonin Turawan da ke saye. To amma ina hoton manomin da ya shuka gyaɗar? Ina matan da suka ɓare ta? Ina ayarin jakai da raƙuman da suka kai ta ma'auna? Kakanninmu na wannan yanki suna cikin waɗanda suka tara wannan dala da guminsu, amma da wuya ka ga fuskar ɗayansu. Da fari da cutar gyaɗa suka durƙusar da harkar a shekarun 1970, dala ta tafi, hotonta ya saura, manomin kuwa ya tafi ba hoto. Tsorona shi ne kada mu maimaita wannan da hannunmu, a zamanin da kusan kowane gida akwai waya mai kyamara.

Kada kuma wani ya ce ai ƙauye yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Baturiyar nan Polly Hill ta yi bincikenta a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, lokacin wurin gonaki ne da manyan gidajen manoma. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin birni. A nan wajenmu ma sauyin yana gudana a gaban idonmu: rumbun ƙasa yana ba buhu wuri, ginin tubali yana ba bulo wuri, jinka ta koma kwano, babur ya kori jaki, injin casa ya rage sussuka, gayya kuma sai dai labari a wasu garuruwan. Wasu sauye-sauyen ci gaba ne, muna maraba da su. Amma abin da zai wuce, ya kamata a ga kamanninsa kafin ya wuce.

Wa zai ba da labarin Tsanyawa?

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Tsanyawa sun haura dubu 150, kuma babu shakka sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Mazaɓu goma gare mu, daga Daddarawa da Dumbulum zuwa Gurun da Kabagiwa da Tatsan da Zarogi. To mai karatu ya gwada rubuta sunan Tsanyawa a intanet ya ga abin da zai fito. Hotunan 'yan siyasa a wajen taro, sai kuma, tun daga ƙarshen shekarar 2025, labaran hare-haren 'yan bindiga da ke ƙetarowa ta iyakar Katsina zuwa ƙauyukanmu da na Shanono. Waɗannan labarai gaskiya ne, kuma wajibi ne a ba da su, domin a kawo wa jama'a ɗauki. Amma idan su kaɗai ne abin da duniya ta sani game da mu, to an yi mana asara biyu: an ɗauke mana kwanciyar hankali, an kuma ɗauke mana suna. Malamin da aka turo aiki zai nemi canji tun bai zo ba, ɗan kasuwa zai juya akalar motarsa, ɗanmu da ke jami'a zai riƙa jin nauyin faɗin garinsu.

An taɓa shiga irin wannan hali a wani wuri, kuma an ga abin da kyamara ta yi. A shekarar 2015, lokacin da sunan Maiduguri ba ya fita sai tare da bom, wata 'yar garin mai suna Fati Abubakar ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki da tsofaffi, tana rubuta abin da suka gaya mata a ƙasan hoton. Ba ta ɓoye wahalar da ake ciki ba, amma ta nuna cewa akwai mutane masu rai da sana'a da dariya a garin. Manyan jaridun duniya suka ɗauki aikinta, kallon da ake yi wa Borno ya samu wata fuska ta biyu.

Misali na biyu daga gida yake. Sani Maikatanga, wanda ya daɗe yana ɗaukar hotunan sarauta da hawan Sallah a Kano, ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Hoton da ya ba shi nasarar kuwa na ambaliyar ruwa ne a Auyo ta Jihar Jigawa. Wato abin da ya ja hankalin alƙalan gasar ta nahiya guda, rayuwar mutanen karkara ce. Haka nan marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya shafe shekaru tun daga 1968 yana ɗaukar kitson matan Najeriya, abin da mutane ke gani kullum ba su ɗauke shi komai ba. Yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ido ya saba da shi, shi ne ya fi saurin ɓacewa ba a ankara ba.

Mu kuwa me muka rasa na ɗauka? Ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Ga ranar shuka bayan ruwan farko, magidanci a gaba da sungumi, yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ga dammunan gero a jere da kaka, ga harawa a kan rassan itace, ga cin kasuwar ƙauye, ga dambe da kokawa bayan girbi, ga tashe da azumi, ga saukar karatu, ga 'yan mata a bakin famfo, ga layin masu jiran awo a asibiti, ga aji mai ɗalibai fiye da kujerunsa. Da mai daɗi da marar daɗi, duk mu ne.

Zanen aro ba ya rufe katara

Ko da an ɗauki hotunan, akwai sauran rina a kaba. Ina ake ajiye su? Yawancinmu mun ɗauka abin da aka ɗora a Facebook ya zauna ke nan har abada. Waɗanda suka yi zamanin 2go da BBM su faɗa mana ina hotunansu na wancan lokaci. Kamfanin Google da kansa ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019. A nan gida, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a 2021 ɗin aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda tsaro. Ban da wannan, kullum ana sace waya, ana yi wa shafi kutse, ana manta lambar sirri, mai shafi yana rasuwa ba wanda ya san mabuɗinsa. Ga shi kuma manhajojin suna matse hoto su rage masa inganci. Wanda ya bi ta WhatsApp sau uku ya zama dishi-dishi, ba ya buguwa a takarda.

Matsala ta biyu ita ce rashin bayani. Sai ka ga hoto mai kyau an rubuta masa "Kano ta Dabo" kawai. Wace unguwa? Wace shekara? Wane ne wannan dattijo, mece ce sana'arsa? Hoton da ba shi da wuri da kwanan wata ado ne kawai, ba ya zama hujja. Shi ya sa ake ɗauko hoton wata ƙasa a ce Kano ce a 1950, ko a ɗauko na tsohon rikici a ce jiya ya faru, jama'a su hau kai su zauna. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya haɗa hoton birnin da ba a taɓa ginawa ba. Nan gaba kaɗan, hoton da aka san wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka zai fi zinariya daraja.

Ta uku ita ce haƙƙi. Mutum ya tashi da asuba, ya hau Dala, ya jira haske, ya ɗauki hoto. Kafin azahar an yanke sunansa ana yawo da shi, har a allunan talla da fastocin 'yan siyasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi da waƙa, kuma kafin doka ma addini ya hana cin gumin wani. Gidajen jarida da ofisoshin gwamnati su ya kamata su fara ba da misali: a nemi izini, a rubuta suna, a biya.

Ta huɗu kuwa a kan masu hoton take. Wanda ake ɗauka shi ma yana da haƙƙi. Al'adarmu ta san sutura, ta san cewa zaure iyaka ne. Bai dace a ɗauki matar aure ko marar lafiya ko gawa a watsa ba tare da yardar masu abin ba. Almajiri yaro ne mai iyaye da mutunci, bai kamata a mai da tsummansa abin neman mabiya ba. A yankin da ke fama da matsalar tsaro irin namu kuma akwai ƙarin hattara: kada a nuna garken wani ko rumbunsa da sunan ƙauyensa, kada a nuna inda jami'an tsaro ko 'yan sa-kai suke. Hoton da zai jawo wa mutum masifa, barinsa a waya ya fi alheri.

Abin da nake ganin ya kamata a yi

Ga masu ɗaukar hoto na birni, roƙona shi ne su faɗaɗa zagayensu. A cikin kowane fita goma, a ware ɗaya a bi hanyar Katsina ko ta Gwarzo ko ta Ɗambatta, a kwana a ƙauye, a gaida dagaci, a nemi izini, a ɗauki abin da aka gani. Kuma duk hoton da za a saka, a rubuta masa abu uku: wuri, da rana, da abin da ke faruwa.

Ga matasanmu na Tsanyawa da maƙwabta, kada a jira baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya fi kyau. Wayar da ke hannunka ta isa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari za su iya ɗaukar wannan a matsayin aiki: kowace mazaɓa a samu mutum biyu ko uku, a bi shekara guda cur daga shuka zuwa girbi zuwa rani, a tattara, a tace. A kuma bi gidaje a nemi tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan iyaye, a ɗauki kwafinsu tun masu gane fuskokin suna raye. A ajiye asalin kowane hoto a wuri fiye da ɗaya, a buga mafiya muhimmanci a takarda. Wanda ya yarda a yi amfani da aikinsa kyauta muddin za a ambaci sunansa, ga rumbun Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke ɗaukar hotuna. Garuruwanmu da yawa suna da shafi a can babu hoto ko ɗaya.

Ga hukumomi kuwa, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, da Jami'ar Bayero, su ne suka fi cancanta su buɗe taskar hotuna ta zamani, inda mai hoto zai kai aikinsa a adana da sunansa, haƙƙinsa kuma yana hannunsa. A riƙa shirya baje koli duk shekara, a kuma tabbatar kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 ta samu bango. Abin da za a kashe bai kai kuɗin shataletale guda ba, amfaninsa kuwa zai fi shataletale daɗewa.

Nan da shekara hamsin, jikokinmu za su nemi sanin yadda Kano take a zamaninmu. Za su ga dawaki, za su ga gadoji, kuma za su yi alfahari. Amma za su tambaya: ina mutanen da suka noma abin da birnin ya ci? Ina gidajensu, ina kasuwarsu, yaya fuskokinsu suke? Amsar wannan tambaya tana cikin aljihunmu a yau, kuma damina ba ta jiran wanda bai gyara gona ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare garuruwanmu da ƙauyukanmu, Ya sa mu bar wa na baya abin da za su gan mu da shi.